Ruwan da Ya Sha Wuta

Duk wanda ya tashi a Betbari ya san muryar Ambiya kafin ya san fuskarta. 'Yar ƙaramar mace ce busasshiya, amma in ta buɗe baki a bakin tafki sai an jiyo ta har cikin gonakin dabino. Shekara da shekaru kuwa a kan abu ɗaya take yi mana ihu, a kan ruwa. Bari dai ta hangi yaro ya sunkuya zai kamfaci ruwan tafki da hannu, ranar har uwarsa sai ta sha zagi.

"Ke Joytun! Zo ki ɗauke ɗan akuyar nan naki kafin in karya shi! Ga famfo can a tsakar gidana ba mai hana ku, sai dai ku sha inda shanu ke fitsari? Wai ƙaiƙayi aka cusa muku a ka ne?"

Joytun maƙwabciyarta ce, Bubu take kiranta kamar yayarta. Sai ta leƙo tana dariya ta ce, "Karya shi, Bubu, ina da wasu a ɗaki. Ki rage min bakin ci."

Ba mai ganin laifin Ambiya, don kowa ya san abin da tafkin ya ci mata. Ɗanta na fari, Manik, bai kai shiga makaranta ba shekarar da amai da gudawa suka ratsa garin. Da safe yana bin agwagi a bakin ruwa, kafin la'asar idanunsa sun faɗa, yana zubewa a cinyarta tana kallo. Bayan an binne yaran garin ne ma'aikatan lafiya suka zo suka tara mata a gindin mangwaro, suka ce tafki ne. Abu biyu suka koyar ranar: a haƙa famfon tuƙa-tuƙa a sha ruwan ƙarƙashin ƙasa, in babu kuma a tafasa, domin wuta tana kashe duk abin da ke cikin ruwa. Ambiya ta riƙe maganar nan kamar karatun salla.

Mijinta Toyob ya sayar da saniyarsu, ya kira masu haƙa, suka zura bututu har ruwa ya fito garai-garai, da sanyi kamar na randa. Liman ya yi addu'a, aka ce sadaka ce, duk wanda ya sha ladan na Manik. Ambiya da hannunta ta cire dangar da ke wannan ɓarin don kada kowa ya tsaya sallama. Tun daga nan unguwa ta koma shan famfon Manik, ita kuma ta je kan kabarin yaron ta rantse cewa ruwan tafki ba zai ƙara wuce maƙogwaron wani nata ba.

Da ta sake haihuwa, mace, sai ta sa mata Feli, wato abin yarwa, don mutuwa ta ɗauka ba a damu da ita ba ta wuce. Ƙarya ce zalla, ba a taɓa lallaɓa 'ya a Betbari kamar Feli ba. Ko wankan jego da ruwan famfo aka yi mata. Sau ɗaya tak, tana 'yar ƙarama, uwar ta kama ta tana kurkure baki a tafki, ta zane ta da karan rama har sai da Toyob ya shiga tsakani. Daga ranar Feli ba ta ƙara bi ta wurin ba, ko aike ne sai ta zagaya.

Sana'ar gidan mazarƙwailar dabino ce. Da sanyi ya shigo Toyob zai hau bishiya ya feƙe wuyanta ya rataya tulu, da asuba ya sauko da shi cike da ruwan zaƙi. Ambiya ta juye a faffaɗan kasko, ta zauna tana iza wuta har ruwan ya ƙone, zaƙin ya taru ya yi kauri. Daga yadda kumfa ke fashewa take gane ya isa, kuma tata ce ke fara ƙarewa ranar kasuwa. Lokacin da tafin hannun Toyob ya fara fitar da wasu ƙulli-ƙulli masu tauri kamar ƙwayar masara, kowa ya ce kanta ce ta hawan bishiya. Daga baya tari ya kama shi, ciki ya kumbura, ya tafi. Muka ce ajali, muka yi addu'a, muka sha ruwan famfon Manik a wurin zaman makoki.

An aurar da Feli a wani ƙauye ƙetaren kogi, ba ta daɗe can ba sai ga ta a bayan keken kaya da ƙullin tufafinta. Uwar ta ja ta ɗaki ta yaye mata sarin da ta ɗaura. Ƙirjinta da bayanta duk ɗigo-ɗigon baƙi ne, kamar yayyafi a kan ƙura, tafin hannunta kuwa sak na ubanta. Feli ba ta taɓa hawa ko tsani ba. Ta dubi uwarta, Amma kamar yadda muke kiran uwa a nan, ta ce:

"Uwar mijina ta ce kuturta ce, Amma. Ta ware min kwano. Shi kuma ya ce in zo gida in warke tukuna."

"Kuturtar uwarta! Zauna nan. Ni na haife ki, ni zan tashe ki."

Bayan damina sai ga baƙi sun shigo gari, samari biyu da gwangwanayen fenti da wata mace mai tabarau riƙe da akwatin kwalabe. Dilruba sunanta, muka riƙa ce mata Apa, kamar a ce Yaya. Suna bin famfo ɗaya bayan ɗaya, ta ɗibi ruwa a kwalba, ta zuba wani gari, ta saƙala 'yar takarda a murfi, a jira. In takardar ta zauna fara, a shafa wa bakin famfon kore. In ta rine, ja. Ambiya na bayan gida tana shanyar kashin shanu ta jiyo hayaniya, ta fito ta tarar da wani yaro mai gashin baki sabon tsiro ya gama shafa wa famfon Manik ja, fentin yana ɗiga a kan dakali.

"Kai ɗan wa? Uban wa ya ba ka izinin taɓa famfon ɗana?" Ta rarumi tsintsiya, yaron ya yi tsalle ya ɓuya a bayan Apa.

"Caci, yi haƙuri ki saurara," in ji Apa, haka ake kiran babbar mace don girmamawa. "Akwai guba a ruwan nan, arsenik ake ce mata. Daga cikin ƙasa take. Ba ta da launi, ba ta da wari, a hankali take ci. Kada a sha, kada a yi girki da shi. Wanki da wanka kawai."

"Guba? Dubi ruwan nan da kyau, 'yar nan. Ba irinku ba ne suka zo suka ce mu haƙa?"

Apa ta rufe akwatinta. Ta duba agogo, don akwai sauran ƙauyuka a gabansu, ta ce za ta dawo, suka ɗauki gwangwanayensu suka yi gaba. Ni dai har yau abin yana ci min rai. Waɗanda suka cika ƙasar nan da bututu, suka yi ta tafa wa kansu, ba a samu ko ɗaya a cikinsu da ya tuna ya gwada abin da ke fitowa ba, sai da yara tsara guda suka girma a kai. Sannan aka aiko mana da fenti.

A duk unguwar famfo ɗaya ne ya samu kore, na gidan Mondol mai gonaki, don nasa ya fi zurfi. Ambiya ta kwana tana juyi, da safe ta haɗiye girman kai ta ɗauki tulu ta shiga layi. Ita da mutane ke yi wa layi! An yi 'yan kwanaki haka lafiya, har ranar da matar Mondol ta fito tana tauna ganyen pan mai rina baki kamar goro, ta tsaya a kan dakali ta tofar da jan yawu.

"Uwar Feli, tulun nan naki, wa ke shan ruwan cikinsa?"

"Aljanu. Wa kike so ya sha?"

"To kada ya ƙara taɓa bakin famfona. Ina da jikoki. Wanda ke da kuturu a gida ya san inda ya kamata ya tsaya."

Ambiya ta dire tulun. "Ke Sokhina! Ke da aka kawo ki garin nan da sari ɗaya na aro? Kafin mijinki ya haƙa wannan, ruwan wa kika sha? Da ruwan wa kika yi jegon 'ya'yanki? Na taɓa tambayarki me ke gidanki?"

"Ai shi ya sa," in ji matar Mondol, ko ɗaga murya ba ta yi ba. "Kin shayar da gari guba, kina ƙirga wa mataccen ɗanki lada. Fita min daga gida."

Matan da ke layi kowa ta sunkuyar da kai, har Joytun. Wallahi an sha zagin Ambiya a rayuwa ta rama ninki, amma wannan ta soke ta a inda ya fi ciwo. Ta ɗauki tulunta ba ko ɗigo a ciki ta fita. Joytun ta riƙa satar mata ruwan a tulunta na ɗan lokaci, sai aka gane. Mijinta gonar Mondol yake noma ana raba amfani, don haka ta zo tana hawaye ta ce, "Bubu, ki yafe ni, zai kore mu." Ambiya ta ce ta je abinta.

Ruwa biyu suka rage mata, tafki da jan famfo. Ta je ta tsaya a bakin tafkin ta dube shi. Ya ma fi da lalacewa: an jiƙa rama a ciki tana ruɓewa, masu kiwon kifi suna zuba kashin kaji, ga bututun masai yana tsiyaya ta gefe, saman ruwan ya yi kore shar. Ta juya ta dubi ruwan famfo a kofi, tas kamar idon jariri. Ga rantsuwarta a kan kabari. Tana nan zaune a bakin murhu sai maganar gindin mangwaro ta faɗo mata, ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Wuta tana kashe duk abin da ke cikin ruwa. Idan wuta za ta iya da waccan ƙazantar, me zai hana ta iya da abin da ido ma ba ya gani? Sai dai tun da an ce guba ce mai taurin kai, tafasa ɗaya ba za ta ishe ta ba. Za ta ba ta wuta har sai tukunya ta koma rabi.

Haka ta fara. Makamashi kuwa a wurinmu ba abin wasa ba ne, sai ta yini tana tsintar busasshen ganye da karan rama, tana bin bayan shanun mutane tana kwashe kashi. Abin da take samu ba zai dafa ruwan mutum biyu ba. Don haka na wutar na Feli ne, da shi ake dafa shinkafarta, da shi ake jiƙa ta kwana don karin safe. Ita Ambiya sai ta kafa kai a bakin jan famfon ta sha abinta ɗanye.

"Amma, ki sha ko kurɓi ɗaya mana," Feli kan ce. "Kullum ni kaɗai."

"Ni tsohuwa ce, gubar ma ta ga ba nama ta wuce. Shanye, kada ki rage."

"Yana da nauyi a baki. Kamar na lashi ƙusa."

"Da can magani zuma ne? Shanye, na ce."

Wata rana Joytun ta leƙo ta kan danga ta ga tururi yana tashi, tukunya tana ɓararraka ba komai a ciki sai ruwa. Ta ƙyalƙyale da dariya. "Bubu, dabino ya ƙare ne kika koma mazarƙwailar ruwa? In ta daskare ki ajiye min curi ɗaya." Ambiya ta jefe ta da ɓawon kwakwa, su duka suka yi dariya, har Feli daga ɗaki.

Amma Feli ba ta tashi ba. Ƙulli ɗaya a tafin ƙafarta ya fashe ya zama gyambo, ya ƙi rufewa. Yatsun ƙafar suka yi sanyi, suka fara baƙi, ta koma jan gindi in za ta fita. Tarin nan na ubanta ya zo, Ambiya ta gane shi tun daga sautin farko. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba tun ranar Manik. Ta zauna ta yi lissafinta, ta ce wutar ce ba ta isa ba. Ta sare bishiyar gwaibar da Toyob ya dasa, ta fasa tsohon gadonsu na katako, ta riƙa barin tukunyar a kan wuta har sai ɗan abin da ya rage a gindi bai fi cika kwano ba. Hayaƙi ya cinye mata ido, hannunta duk ƙuna, ba ta taɓa kuka da shi ba. Tana son yarinyar nan fiye da ranta, kuma duk wanda ya gan ta a lokacin zai shaida.

Damina biyu suka wuce kafin Apa ta cika alkawari. Aka yi shela cewa tana gindin mangwaro da akwatinta, duk mai ɗigo a jiki ya zo a duba shi. Ambiya ta ji wani daɗi ya taso mata. Yau za ta nuna wa masu tabarau abin da tsohuwa ta gano a bakin murhu, a gaban Sokhina kuwa. Ta wanke kwalabe biyu, ta cika ɗaya daga famfo, ɗaya daga ruwan Feli na jiya. Ta ɗora tukunyar yau, ta iza wuta, ta ce wa Feli, "Kwanta abinki, yanzu zan dawo. In takardar nan ta fito fara, sai na liƙa wa matar Mondol a goshi."

Ta tarar da rabin gari a wurin, maza suna buɗe tafin hannu, mata suna jan mayafi suna nuna wuya. Ta kutsa ta dire kwalabenta a kan tebur.

"Apa, kin gane ni? Ni ce mai tsintsiya."

"Na gane ki, Caci. Yau ma da ita kika zo?"

"Yau da abin da ya fi ta na zo. Gwada min waɗannan."

Apa ta yi murmushi, ta zuba garinta, ta saƙala takardu, aka jira. Ta zaro ta farko, ta yi rawaya sosai. Ta gyaɗa kai ta ce wannan jan famfo ne, ba sabon labari. Ta zaro ta biyu. Murmushin ya ɓace. Takardar ta wuce rawaya, ta koma launin shayin da ya kwana. Ta kara ta da jerin launukan da ke jikin akwatin, ta gyara tabarau ta sake karawa.

"Caci, wannan daga wane famfo ne? Yau ɗin nan za a cire masa hannu. Ban ga mai muni irinsa a yankin nan ba."

"Famfo ɗaya ne," in ji Ambiya. Har lokacin ba ta gane ba, ta zaci yarinyar ce ta rikita kwalabe. "Wancan ɗanye ne. Wannan shi ne wanda ya sha wuta. Tukunya guda nake ƙonawa har ta koma kwano."

Apa ta ajiye takardar a hankali. "Dafawa kike yi?"

"To da me? Ba ku kuka ce wuta tana kashe komai ba?"

"Ƙwayoyin gudawa take kashewa, Caci, su ke da rai. Wannan ba ta da rai balle ta mutu. Kamar gishiri take. Ruwan ne ke tashi ya bi tururi, ita tana nan zaune a gindin tukunya, tana..."

Ba ta ƙarasa ba, ba a kuma bukatar ta ƙarasa. Wa za a koya wa abin da ke faruwa in an bar tukunya a kan wuta? Matar da ta ƙare ƙuruciyarta a gaban kasko tana kallon ruwa yana gudu, abin da ke cikinsa yana taruwa yana kauri? Ambiya ta san wannan tun kafin a haifi mai tabarau. Ta san shi da hannunta, da hancinta, kullum kuma tana kankare farin ɓawon da ke kama gindin tukunyar tana cewa gawar gubar ce. Ta ɗaga ido ta haɗa da na Joytun a cikin taro. Joytun ta toshe baki da gefen sarinta, ta tuna wasan da ta yi a kan danga, ta fashe da kuka.

"Wa ke shan wannan?" Apa ta tambaya, muryarta ta yi ƙasa.

"Feli."

"Ke fa?"

"Ni ɗanye nake sha. Itacen ba ya isa. Na bar mata mai kyaun."

Apa ta zagayo ta riƙe mata hannu, tana magana da sauri. Ta ce ciwon ya daɗe da kama yarinyar, tun tana ƙarama take sha, ba wannan kaɗai ba ne. Ta ce laifinsu ne da ba su tsaya sun faɗa ba ranar fenti. Ta ce a kai Feli asibitin birni ko da ƙafar kaɗai za a iya yi wa wani abu. Ta ɗaga murya don kowa ya ji cewa ba kuturta ba ce, ba a ɗauka, za ta je ta ga Mondol da kanta. Matar Mondol ta ja mayafi ta sulale ta bayan makaranta. Duk wannan ya wuce ta saman kan Ambiya. Abu ɗaya ne ya shiga kunnenta.

"Kafin nan, Caci, ki ba ta na tafki. Ki tace, ki tafasa. Shi wuta tana yi masa aiki. Ya fi wannan sau dubu."

Ambiya ba ta ɗauki kwalabenta ba. Ta kama hanya, ta shiga ta inda babu danga. Hayaƙi ta fara gani. Feli ta ja jiki tun daga ɗaki har bakin murhu, ta miƙe ƙafar mai ciwo gefe, tana tura karan rama a wuta da hannayen nan nata masu ƙulli. Gumi ya jiƙa mata fuska, tana haki, amma tana murmushi.

"Amma, na ga za ta mutu, na fito. Ban bari ta huce ba. Duba, ya kusa kaiwa inda kike so."

Ambiya ta sa hannu biyu ba tsumma ta kifar da tukunyar a kan wutar. Toka ta tashi ta rufe su, Feli ta ja baya tana tari. Uwar ta juya. Ta ɗauki tulu da tsohon sari, ta bi hanyar da ta hana kowa bi, ta sauka matakalar tafkin da rabonta da ita tun Manik na raye. Ta kore koren da ke sama da gindin tulu, ta shimfiɗa sarin a bakinsa, ta nutsa. Warin ruɓaɓɓiyar rama ya bugi hancinta. Yaran da ke wanka suka tsaya cak suna kallonta, ƙaramin cikinsu ya ruga gida ya faɗa.

Ta dawo ta aro wuta a gidan Joytun, ta tafasa shi tafasa ɗaya, ta sauke, ta yi ta fifita har ya huce. Ta zuba a kofi ta durƙusa a gaban 'yarta. Ruwan bai yi haske ba, da sauran ɗan kore-kore a cikinsa. Feli ta leƙa kofin, ta shinshina, ta kau da kai.

"Na tafki ne, Amma. Na gan ki."

"Sha."

"Shi ya kashe Manik. Ke kika ce ko a mafarki kada in kusance shi." Leɓɓanta sun bushe sun tsattsage, ƙishirwa take ji ba ta wasa ba. "Don Allah ki ba ni nawa na kullum. Zan jira ya dahu, ba na gaggawa. Na saba da ɗacin ma."

Ambiya ta kai kofin bakinta ta kurɓa, ta haɗiye da ƙyar, rantsuwar ta bi ruwan ta wuce. Ta sake miƙa mata da hannunta da ya ƙone. Feli ba ta karɓa ba. Ta tsura wa uwarta ido, ta dubi tukunyar da ke kife a cikin toka, ta sake dubanta.

"Amma," ta ce a hankali, "ba ki faɗa min ba. Takardar fara ta fito, ko?"

Ambiya ta buɗe baki. Muryar nan da ake jiyowa har gonakin dabino ta ƙi fitowa. Tana nan durƙushe da kofin a hannu, Feli tana jiran amsa.